Shirun Ɗakin Gashi

Zuwa ga ɗiyata, Uwar Ƙiriniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki ce wa mahaifiyarki ɗan kawunta Mai Hoto yana gaishe ta, kuma yana nan da ransa, ta rage yi masa rowar zumunci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Kunnena ya yi nauyi, kuma maganar da ke tafe da ni ba irin wadda uba ke faɗa wa 'ya da baki ba ce. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar da ke zuwa garinku.

Likitoci sun ga ciwon daji a 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wadda suke kira furostet. Sun ce bai bazu ba, gashi da hasken na'ura zai iya kashe ciwon. Da aka ce mini aikinki ke nan a asibitinku, ke ce mai sarrafa na'urar gashi, sai da na yi dariya ni kaɗai. Yarinyar da na yi asarar fim a kanta don ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, yau ita ce ke kwantar da manya.

Kafin a fara sun dasa mini ƙwayar zinare uku a cikin tsokar, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Ta inda suka bi suka saka, kada ki tambaye ni. Ƙanwarki Auta, 'yata ta ƙarshe, wadda ke kai ni kullum, ta ce yanzu na zama kadara, a daina barina ina fita ni kaɗai.

Ɗakin yana can ƙarƙashin bene, ba taga, ga sanyi. Sai na sha ruwa na zauna a benci mafitsara ta cika, sannan a kira ni. In kwanta a kan wani gado mai tauri, a saka ƙafafuna cikin mazubinsu, a daidaita wani zaren haske da ɗigon da suka yi mini a ƙugu. A sama an liƙa hoton reshen bishiya, kuma wanda ya ɗauke shi bai iya haske ba. Daga nan kowa ya fita, ƙofa mai kauri ta rufe kanta a hankali, na'ura ta fara kewaya ni tana kuka kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Ga abin da ya dame ni. Tana cikin kukan sai ta ɗauke ɗif. Shiru. Wani lokaci gadon ya ɗan gusa da ni, sannan ta ci gaba. Na tambayi wani tsohon malamin makaranta da muke zaman benci tare, ya ce tasa ba ta cika tsayawa ba. Yarinyar da ke yi mini magana ta lasifika ta ce, "Ba komai, Baba." Ni kuwa na tsufa, na san yadda ake faɗin ba komai.

Ki faɗa mini gaskiya, me ke tsayar da ita? A cikin shirun nan ina jin kamar ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Amma bar wannan, maganar tsufa ce.

Kawunki,
Mai Hoto

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙo, na yi murna, na kuma ji ba daɗi. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Mu duk lafiya lau. Mama ta ce in faɗa maka kai ne marowacin, tun hoton sunana ba ka sake taka gidanmu ba.

A tsaye nake rubutu, mutane na jirana a benci, ka yi haƙuri da hannuna.

Hankalinka ya kwanta, na'urar ba lalacewa take yi ba. Kai mai hoto ne, za ka gane da sauri. Tsokar nan ba a manne take da ƙashi ba, tana iya gusawa. Hoton ƙashi kuma ba ya nuna ta sosai, amma zinare yana fitowa fes. Shi ya sa aka dasa maka su. Yayin da ake gashin, na'urar tana ɗaukar hoton cikinka a kai a kai, mu kuma a waje muna kallon ɗigo uku masu haske a allon kwamfuta, kowanne da ɗan da'irarsa. Muddin suna cikin da'ira, haske yana sauka inda aka aike shi. Idan suka fita, ko da kaurin tsinken ashana biyu ne, sai ta yanke hasken, a gyara gadon, a ci gaba.

Abin da ke gusar da ita: motsin majiyyaci, ko cikar mafitsara, ko iska a hanji. E, Kawu, tusa ma tana da iko a ɗakin nan, manyan mutane da yawa ta tsayar wa na'ura.

Saboda haka ka bi abin da suka ce game da ruwa da shiga bayi, kuma ka daure kada ka motsa, don hanji yana nan dab da wurin, ba ma son haske ya taɓa shi. Abu mafi muhimmanci, kada ka tsallake rana ko ɗaya.

Zinaren kuma in an gama ka ajiye mini, ɗan kunne nake so.

Ɗiyarka,
Ƙiriniya

*

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi, sai dai cikina ya fara ɗan saki, fitsari kuma yana zafi.

Na karanta takardarki har ta yi laushi a hannuna. Na gode da ba ki ɓoye mini ba. Kin ce motsin majiyyaci, kin ce hanji yana dab da wurin. Dama abin da nake tsoron ji ke nan.

Ba ki san Yayana ba, kina goye ya rasu. Mai gyaran agogo ne, shagonsa na jikin nawa. Ban taɓa ganin hannu marar rawa irin nasa ba, yana iya ɗaga ƙusar da ke da kyar ido ke ganinta ya saka ta a raminta yana hira. Wannan ciwon ne ya kama shi, kuma ni na riƙa kai shi gashi. A lokacin ba zinare, ba allo. Da tawada suke zana masa layi a fata, su auna, su fita.

Wata rana an gama, ina taya shi ɗaura wando, wani ma'aikaci ya dubi zanen ya ce, "Baba, ka motsa ko? In kana motsi fa hasken nan zai ci inda ba a aike shi ba, kada ka ce ba a faɗa maka ba." Ya faɗa ya wuce abinsa.

Bayan an sallame shi da watanni sai jini ya fara zubo masa ta baya. Ba zan kwatanta miki ba. Ni nake wanke masa tufafi don kada matarsa ta ga yawansa. Duk sanda na shigo da bokiti sai ya ce, "Na motsa, ƙanena. Ni na ja wa kaina." Ya daina karɓar aiki. Sai in leƙa shagonsa in tarar da shi a bakin kujera, hannuwa a kan gwiwa, idanu a rufe, agogai na ta bugawa a bango. Na ce, "Yaya, me kake yi?" Ya ce, "Ina koyon tsayawa." Gashin da aka gama tuntuni, ɗiyata. Da wannan maganar a bakinsa ya tafi.

To ni na san yadda ake tsayawa, sana'ata ce. Shekara da shekaru ina koya wa mutane a gaban kyamara: ka ja numfashi ka riƙe, ka ɗaure ciki, ka matse mazaunai, ka kafe kamar an dasa ka. Tun da na karanta takardarki haka nake yi a gadon nan da iya ƙarfina, har in sauko ƙafafuna na karkarwa, riga ta jiƙe a ɗakin da ke da sanyi. Amma tsayawar tata sai ƙaruwa take yi. Ashe ni ma na gaza inda ya gaza.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ce a bari. Idan na'urar ta yi shiru, ina jin numfashin Yaya ta gefen hagu. Yana da wani ɗan fito a hanci idan ya sunkuya a kan agogo, shi nake ji, ni da kunnena ba ya jin sallamar baƙo. Har warin man agogo nake ji. Tsaye yake yana kallon ƙanensa yana motsi.

Na daina zuwa. Na ce wa Auta likita ya ba ni hutu, asibitin kuma lambata ce a wurinsu, in sun kira ina kallon wayar har ta gaji. Ciwon ya kashe ni a tsaye ya fi mini a ce Auta ce za ta ɗauki bokitin nan. Kada ki faɗa mata.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Shiru haka? Kullum na wuce tasha sai na tambaya, a ce ba saƙo. Ko dai fushi ka yi don na nemi zinarenka? Na yafe, ka riƙe abinka.

Mu lafiya ƙalau, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. A lissafina yanzu ka wuce rabi, saura ƙiris. Na san zuwa yanzu kai da na'urar kun saba, wataƙila har ka fara koya wa yarinyar lasifika yadda ake saita hoto. Na yi maka waya ba ka ɗaga ba, na ce kunnen ne.

Jiya wani dattijo ya kwanta a gadonmu, da ya cire hula sai na ga kamar kai ne, har gabana ya faɗi ban san dalili ba. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Ɗiyarka

*

Kawu,

Sallama a gurguje. Sai yau takardarka ta zo hannuna. Motar direban ce ta lalace a hanya, takardar ta yi zamanta a aljihun gaban mota a gareji, ni kuwa ina nan ina aiko maka da wasa. Da na gama karantawa sai da na nemi wata ta riƙe mini aiki.

Na kira Auta. Na ce mata babu wani hutu a gashi, ta kai ka wurin likita. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan, maganar Yaya tana wurina. Ka yi fushi da ni in ka so, amma ka yi shi kana raye.

Wannan layin da na rubuta, ka daure kada ka motsa, shi muke faɗa wa kowa har ya zama kamar sannu da zuwa. Ban san a kan wane miki zai sauka ba. Ka yafe mini.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Tsayuwar gaban kyamara ita ce ke gusar maka da tsokar. Naman da kake matsewa a ƙasa, a kansa take zaune. In ka matse sai ya ɗaga ta sama. Babu mutumin da zai iya riƙe matsi har a gama, dole ka gaji, in ka gaji ta sauko. Ga numfashin da ka riƙe, in ya ƙwace maka duk cikin sai ya girgiza. Daga waje kana nan kamar gunki, a allo kuwa ɗigon nan uku hawa da sauka suke yi. Kyamararka ƙiftawa ɗaya take buƙata, tamu tana son mutumin da ya saki jiki kamar mai jin barci.

Kuma shirun da kake tsoro, a cikinsa babu hasken da ke taɓa ka. Na'urar ta ga zinaren ya fita da'ira, ta janye hannunta kafin ta kai ga hanjinka. Don haka aka yi ta. Sakin ciki da zafin fitsari kuwa da yawa suna samu a tsakiyar gashi, akwai magani, kuma yawanci suna wucewa bayan an gama. Ka faɗa wa likita.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kwanakin da kake zaune a gida. Gashin nan ana yin sa ne a jere don kada ciwon ya samu sararin farfaɗowa. Likita zai iya sake lissafi ya cike abin da aka rasa, amma ba ƙofa ce da za ta zauna a buɗe kullum ba.

In ka koma ka ce wa yarinyar lasifika kana matse jiki saboda tsoro, ba kai ne na farko ba. Ka saki muƙamuƙi, ka bar mazaunanka su baje a gadon, ka yi numfashi irin na mai sauraron rediyo.

Don Allah, Kawu. Don Allah.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Auta ta yi kuka, yanzu kuma ta daina yi mini magana sai da ƙarar kwanuka. Ta zo da mota ta tsaya a ƙofa, na ce ta ba ni lokaci. Ban koma ba tukuna.

Na fahimci zancen matsi, har na ji kunya. Amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Kin ce mutum yana iya kwanciya kamar gunki, cikinsa kuma yana yawo ba da saninsa ba. To Yaya fa?

Kada ki ba ni amsar asibiti, irin wadda ake ba tsoho don ya yi shiru. In ya motsa ki ce ya motsa.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ga amsa, ba ta asibiti ba.

Ban kasance a ɗakin ba, ba zan rantse maka cewa ko yatsa bai ɗaga ba. Amma ga abin da na sani. Zanen tawada a fata ba ya nuna inda tsokar take a ciki. Wanda ya dubi zane ya ce wa mutum ka motsa, faɗa kawai ya yi, ba shi da idon da zai ga haka. A wancan zamanin, saboda ba sa ganin tsokar yayin gashi, da gangan suke faɗaɗa wurin da haske zai sauka don kada ta kuɓuce musu. Wani ɓangare na hanji yana cikin wannan faɗin tun kafin majiyyaci ya hau gado. Wasu sun zubar da jini irin nasa alhali ba su motsa ko kaɗan ba. Iyakar abin da ake da shi ke nan a lokacin, kuma ya ceci mutane da yawa.

Jinin nan ba shaidar motsi ba ne, Kawu. Wannan kam na tsaya a kansa.

Shin da ya rayu in da an yi masa da irin na'urarka? Ban sani ba, Allah ne masani. Na dai san da ba a bar shi da wannan maganar a ransa ba.

Allah ya jiƙansa. Kai kuma ka shiga mota.

Ɗiyarka

*

Zuwa ga ɗiyata, Uwar Ƙiriniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara da mahaifiyarki. Jiki alhamdu lillahi, an ba ni maganin cikin ya lafa.

Na shiga mota. Likita ya yi mini faɗa irin wanda rabona da shi tun ina makaranta, aka sake ɗaukar hoto, ya ce zai ƙara mini kwanaki a ƙarshe. Na tambaye shi ko na yi ɓarna. Ya ce ba zai ce ba a yi asara ba, amma bai ga abin da zai hana mu ci gaba ba.

Na faɗa wa yarinyar lasifika zancen matsi. Ta riƙe baki ta ce, "Haba Baba! Shi ya sa! Mu muna ta zargin hanjinka, ashe kai ne kake dambe da gado." Ta sa hannu a gwiwata ta ce in saki, in ƙara saki, har sai da na ji kaina kamar buhun da aka jingine.

Suka fita, ƙofa ta rufe, na'ura ta kama kukanta. Ta yi nisa ba ta tsaya ba, har na fara cewa a raina yau an rabu lafiya. Sai ta ɗauke.

Yana nan, ta hagu, da ɗan fiton hancinsa. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, ba kai ba ne. Wallahi ba kai ba ne."

Lasifika ta ce, "Baba, da ni kake?"

Kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ranar da muka binne shi, kafaɗuna suna rawa, cikina yana rawa, gadon kansa yana amsawa. Na san ɗigon nan naku uku sun watse a allo ko'ina. Na motsa, ɗiyata, motsin da ba a taɓa yi a ɗakin nan ba. Ina jiran in ji zafi, ina jiran a buɗe ƙofa a yi mini tsawa.

Sai ta ce a hankali, "Baba, hasken a kashe yake, babu abin da ke taɓa ka. Ba sauri muke yi ba. Ka gama, muna jiranka."

Kuma suka jira. Ga mutane a benci, ga na'ura mai girman ɗaki ta sunkuyo a kaina, duk suka tsaya har tsoho ya gama kuka ya share hanci. Aka gyara gado aka ƙarasa. Shi Yaya babu wanda ya jira shi.

Tun ranar ina zuwa ba fashi. Tana tsayawa jefi-jefi, yarinyar ta ce iska ce, na ce ta rufa mini asiri a gaban malamin makaranta. Jiya ma ta tsaya. Na kasa kunne ta hagu, na riƙa jira, har na ɗan so in juya kai. Ba kowa. Ba fito, ba warin mai. Ɗaki ne kawai mai sanyi da tsoho a kwance yana jiran a ci gaba. Ban san rashinsa zai yi mini zafi haka ba, kamar yau aka fitar da shi daga gida.

Gobe ma zan je.

Kawunki,
Mai Hoto